Rijiyar da na haƙa da hannuna, na kuma toshe ta da siminti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka, ko da wasiƙar ta ɗan yi tsawo, domin abin ya daɗe yana cina a rai, kuma a 'yan kwanakin nan na ga alamar za a maimaita kuskuren da ni na yi.

Ni mai haƙa rijiya ne, ɗan mai haƙa rijiya. Mahaifina da diga da kwando ya yi aikinsa, tun Aboabo ba ta cika haka ba. Ni kuma zamani ya kai ni ga injin burtsatse, wanda mu a nan Kumasi muke ce wa bohol, na yi sama da shekara talatin a bayansa kafin gwiwoyi su ce sun gaji. Daga Asawase zuwa Sawaba, daga Tafo zuwa Moshi Zongo, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka wuce ramin da na sa hannu a ciki ba. Ƙasar garin nan na san ta kamar tafin hannuna: jar ƙasa a sama, sai laka mai danƙo, sai ruɓaɓɓen dutse da ke marmashewa a yatsa, sannan dutse mai tauri wanda ruwa ke bi ta tsagoginsa. Kuma duk tsawon shekarun nan magana ɗaya nake gaya wa masu ba ni aiki: in ruwan sama-sama ya ɓaci, a ƙara zurfi. Haka na gada, haka na koya wa yarana.

Wani Alhaji da ke zaune a Turai ya aiko da kuɗi a haƙa wa wata unguwa bohol, sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu. Ba zan faɗi unguwar ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Filin da aka ba mu yana bayan masallaci, jikin wani tsohon kango. A gidan da ke kusa akwai tsohuwar rijiya ta hannu da aka daina sha, wai tana wani wari-wari. Na leƙa, na shinshina guga, na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, irin wanda kake ji in ka karɓo kwat daga gidan wankin da ba a sa ruwa, wanda ake ce wa dirai-kilina. Na ce musu kada su damu, wannan na sama ne, mu za mu wuce shi. Muka huda lakar, muka shiga dutse, muka samu ruwa garai-garai, mai sanyi kamar na randa. An kai kwalba ɗakin gwaji, aka duba ƙwayoyin cuta da ƙarfe da gishiri, takarda ta fito lafiya lau. Aka yi addu'a, aka raba waina da koko, aka ɗauki hoto aka tura wa Alhaji.

Shekara ba ta cika biyu ba mata suka fara magana. Su ne suka fara ji, don su ke dafa ruwan wanka da asuba: in tururi ya tashi, sai wannan ƙamshin ya cika banɗaki. Maza suka ce tsegumin mata ne, ruwa ga shi fari tas. Ni ma da farko na bi bayan maza, don ba mai son a ce aikinsa ne ya lalace. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Ina da ɗan ƙanwa da ya karanta ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa a jami'ar KNUST. Na kira shi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kwalaben da ya zo da su, 'yan ƙanana na gilashi, ba su fi babban yatsa ba. Ya cika kowace har ruwa ya yi tozo a baki, ya rufe, ya kifa ta, ya ɗan ƙwanƙwasa da farce yana duba ko akwai kumfar iska ko ɗaya. Ya ga wata 'yar ƙarama a guda, ya zubar ya sake. Ya jera su cikin ƙanƙara. Na ce, wannan wane irin fi'ili ne? Ya ce, "Kawu, abin da nake nema yana gudu cikin iska. Da jarka kuka kai naku, kuma ba a ce a neme shi ba, shi ya sa takardarku ta fito da kyau." Sakamakon da ya dawo ya nuna sinadarin wankin kwat, wanda masana ke taƙaita sunansa da PCE, ya ninka abin da aka yarda mutum ya sha ninkin-ba-ninkin.

Na ƙi yarda. Na ce masa ni na san mai. Na haƙa a kusa da Magazin ta Suame, inda fitoci ke zubar da baƙin mai tun kafin a haife shi, kuma mai a saman ruwa yake tsayawa, in ka wuce shi ka sa bututu ka tsira. Bai yi mini gardama ba. Washegari ya zo da kofin gilashi biyu, ya zuba ruwa a kowane. A na farko ya ɗiga baƙin mai, ya baje a sama yana ƙyalli, kamar yadda na sani. A na biyu ya ɗiga wani abu fari kamar ruwa daga wata 'yar kwalba. Malam Edita, da idona na ga ɗigon ya ratsa ruwan ya gangara ƙasa, ya dunƙule a gindin kofin kamar ƙwayar tasbaha ta gilashi. Ya karkata kofin, ƙwayar ta mirgina gefe. Ya miƙe shi, ta dawo. Ruwan da ke sama kuwa ko gezau, in aka miƙo maka za ka sha ka yi hamdala.

Ya ce lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta wannan kuwa ta ɗan wuce kilo 1.6. Ɗan'uwansa TCE, wanda masana'antu suka daɗe suna wanke maiƙon ƙarfe da shi, ya kusa kilo ɗaya da rabi. Akwai kuma baƙin man kwalta da ake jiƙa katako da shi don kada gara ta ci, da wani irin man tsofaffin taransifoma mai sinadarin da ake ce wa PCB, har da zaiba, wato makurin da 'yan galamse, masu haƙar ma'adinai ba da izini ba, ke kama zinariya da shi, wanda ya fi ruwa nauyi sau goma sha uku da ɗoriya. Duk dangi ɗaya ne ta wannan fuska: ba sa gauraya da ruwa sai kaɗan-kaɗan, kuma sun fi shi nauyi. In aka zuba su a ƙasa, sai su yi ta gangarawa, su wuce ruwan sama, har sai sun tarar da abin da zai tare su, kamar shimfiɗar laka. Nan za su kwanta, shekara da shekaru, ruwan da ke wucewa yana lasar su yana tafiya da ɗan abin da ya narke.

A nan ne jikina ya yi sanyi, don na gane abin da bai so ya faɗa mini ƙarara ba saboda kunyar kawu. Lakar nan da na huda ita ce ta riƙe dafin tsawon shekaru. Ni na buɗe masa ƙofa. Kuma zan faɗi gaskiya ko da abokan sana'a za su ji haushina: yawancinmu ba ma zuba siminti a bayan bututu yadda ya kamata. Mukan cika gefen ramin da tsakuwa tun daga ƙasa har kusan sama, mu ɗan shafa siminti a baki don ido. Buhunan da aka rage riba ce. Tsakuwar nan kuwa hanya ce shararra ga abu mai nauyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ba tsaga na yi ba, titi na shimfiɗa masa har cikin dutse.

Muka shiga tambaya. Ashe kangon nan gidan wankin kwat ne a da, an rufe shi tun yaran unguwar na yanzu ba su zo duniya ba. Aka nuna mana wani dattijo da ya yi aiki a wurin yana saurayi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, dauɗar da ke taruwa a gindin injin, ina kuke kai ta?" Ya yi dariya, ya nuna bayan kangon da sandarsa. Ya ce rami suka haƙa, kuma ramin albarka ne, don duk abin da suka zuba kafin gari ya waye ƙasa ta shanye, bai taɓa cika ba. Da alfahari ya faɗa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wa ya gaya masa? Ni da nake taƙama da sanin ƙasa, sai da furfura ta cika mini kai na sani.

To, sai maganar gyara, wadda ita ce ainihin dalilin wasiƙar nan. Na ce a kawo babban famfo mu yi ta ja kwana bakwai ba dare ba rana, mu zubar, kamar yadda muke wanke sabon rami. Yaron ya ce, "Kawu, in akuya ta faɗa rijiya ta mutu, me ake fara yi?" Na ce a fitar da mushen, sannan a kwashe ruwa. Ya ce to wannan mushen ya daddatse, ya shige tsagogin dutse da ramukan yashi, wani gutsuren bai kai ƙwayar gero ba, kuma ba mai ganinsa daga sama. Kana jan ruwa, yana ƙara narkewa kaɗan. Ka kashe famfo wata biyu, ka dawo ka auna, ka tarar da shi kamar ba ka yi komai ba. Har dutsen kansa da lakar suna tsotse wani kaso, su riƙa sakinsa a hankali bayan an kwashe na fili.

Turawa ma da famfon suka fara, kuma sun sha wuya. A 1994 wani kwamitin masana a Amurka ya duba wurare 77 da ake wannan ja-ka-tace, ya tarar guda 8 kacal ne suka kai tsabtar da ake nema. Akwai wani fili a garin Visalia na jihar Kalifoniya inda aka daɗe ana jiƙa turakun lantarki da man kwalta. Shekara wajen ashirin suna jan ruwa, abin da suke fitarwa bai wuce kilo 5 a mako ba. Sai a 1997 suka sauya dabara, suka riƙa tura tururi mai zafi cikin ƙasa ta rijiyoyi, suna zuƙo abin da zafin ya kora. Cikin shekara uku suka fitar da sama da tan 500. Ka duba tazarar. Amma ka kuma duba abin da ake bukata: tukunyar tururi kamar ta masana'anta, wutar da ba ta ɗaukewa, injiniyoyi, da miliyoyin daloli. Mu da muke karo-karo kafin mu sayi famfon bohol in ya ƙone.

Akwai wasu dabarun da suka fi wannan sauƙi, kuma na ji daɗin jin su, don akwai hikima a ciki. A Kanada, masanan jami'ar Waterloo sun gano cewa garin baƙin ƙarfe yana karya waɗannan sinadarai. A 1991 suka gwada a barikin soja na Borden: suka haƙa rami a kan hanyar da gurɓataccen ruwan ke bi, suka cika shi da garin ƙarfe da yashi, ruwan ya ratsa ya fito da sauƙi ƙwarai. Ba famfo, ba wuta. Da na ji haka na ce ai mu garin ƙarfe ba ma rasa shi, a je Magazin a share ƙasan injinan yankan ƙarfe. Yaron ya ce ba a nan gizo ke saƙa ba: bangon yana tare abin da ya narke ne kawai, uwar dafin tana nan kwance, kuma sai ka san daidai inda ruwan ke bi da zurfinsa. A yashi ana iya sani. A tsagaggen dutse irin namu, tsaga ɗaya ta yi gabas, ta kusa da ita ta yi kudu.

Wasu kuma sukan tura maganin nan mai launin shunayya, famanganet, wanda tsofaffin ma'aikatan asibiti ke jiƙa wa masu gyambo, ya ƙone sinadarin a inda ya same shi. Wasu suna kiwon ƙwayoyin halitta ne a ƙarƙashin ƙasa, su zuba musu ruwan rake mai kauri ko man girki, su kuma su riƙa cin dafin suna sauya shi. Sai dai wannan yana da tarko: in ba a samu irin ƙwayar da ke kai aikin ƙarshe ba, abin yakan tsaya a rabin hanya ya zama wani sinadari da ya fi na farkon haɗari. Garin neman gira a rasa ido. Inda abin bai yi zurfi ba, sukan kwashe ƙasar ɗungurungum da katafila. Inda ya gagara kuwa, sai su kewaye wurin da bango a ƙarƙashin ƙasa, su hana kowa haƙa rijiya a yankin. Hukumar kare muhalli ta Amurka da kanta tana da tsarin da take amincewa cewa wani wurin ba zai gyaru ba da fasahar da ake da ita. Masu kuɗin duniya ke nan suka ɗaga hannu.

Kada wani ya ce ɗan abin da gidan wanki ɗaya ya zubar me zai yi. A Amurka iyakar da aka sa wa PCE da TCE a ruwan sha ita ce kashi 5 cikin biliyan. Yaron ya yi mini lissafi a bayan takardar siminti: lita ɗaya ta PCE ta isa ta kai lita sama da miliyan 300 wannan iyakar. In ka auna da jarkar nan rawaya mai lita 25 da muke ce wa galan ɗin Kufuor, jarka kusan miliyan 13 ke nan. Lita ɗaya fa. Baban nan kuwa da bokiti suke zubawa.

Illarsa ba irin ta kwalara ba ce da za ta kwantar da unguwa cikin kwana biyu a ruga asibiti. A hankali take aiki, a hanta da ƙoda da jijiyoyi. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa TCE cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara tun 2012, musamman ta ƙoda, ta kuma sa PCE cikin waɗanda ake kyautata zaton suna yi. A barikin soja na Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha irin wannan ruwa daga 1953 har 1987, kuma wani ɓangare na dafin daga wani gidan wankin kwat da ke wajen barikin ya fito. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar neman diyya a kotu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. A Disambar 2024 hukumar muhallin ƙasar ta sanar da haramta TCE da kuma janye PCE daga gidajen wanki sannu a hankali. Abin da nake tsoro shi ne wanda kowa ya sani: kayan da aka kora daga can, tashar Tema suke nufowa da araha.

Wani malami a unguwar ya ce mini, ai mu abin da muka karanta shi ne ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba. Na ce, Allah gafarta Malam, ban isa in yi jayayya da kai a hukuncin alwala ba. Amma tsarkin ibada daban, lafiyar ciki daban. Kafin hanci ya ji wannan abu, ya riga ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Matan nan da suka ji ƙamshi a tururi, sun daɗe suna sha kafin ranar. Kuma alif ba ya kama shi, kilorin ba ya kashe shi tunda ba rai gare shi ba. Tafasawa tana korar shi daga tukunya, amma cikin ɗakin yake komawa, a shaƙe shi. Matatar gawayi ta musamman tana riƙe shi, in ana sauya gawayin a kan kari. Wa zai tabbatar da haka a famfon da unguwa guda ke ɗiba?

Shi ya sa nake kira ga masu niyyar alheri, 'yan'uwanmu na Jamus da Italiya da Amurka da ke aiko da kuɗin sadaka, da ƙungiyoyi, da 'yan siyasar da bohol ke tsiro musu duk shekarar zaɓe: kafin inji ya shigo, a zauna da tsofaffin unguwa a tambaye su me aka taɓa yi a filin nan da kewayensa. Awa ɗaya da goro biyu sun isa. In aka ce an taɓa wankin kwat, ko gyaran taransifoma, ko jiƙa katako, ko ƙona zinariya, ko wata masana'anta da ke wanke ƙarfe, a dakata, a nemo masani. Zongo ba ta da taswirar abin da aka binne a cikinta, tana kan dattawa, su kuma kullum raguwa suke. Na san ruwan famfo na madatsun Barekese da Owabi ba ya kai wa kowane lungu kullum, na san wahalar da mata da yara ke sha da jarka a ka. Ban ce a daina haƙa ba.

Abokan sana'ata kuma, dokar lasisin haƙa tana nan tun 2006 a ƙarƙashin Hukumar Albarkatun Ruwa, amma takarda ba ta zuba siminti. Mu ne a bakin rami. In ka huda laka, ka toshe bayan bututunka da siminti tun daga lakar har sama, ka gaya wa mai aiki kuɗin, in ya ƙi ka naɗe kayanka. In ka ji baƙon wari a ƙasar da inji ke fitarwa, ka kashe inji. Ita kuma hukumar kare muhalli ta ƙasa, ina roƙon ta waiwayi ƙananan wurare. Idon kowa yana kan galamse da kogunan da suka koma kamar kunu, kuma ya kamata, don wannan ana gani. Amma a fara rubuta inda gidajen wankin kwat suke, na da da na yanzu, a samar musu inda za su kai dauɗarsu cikin duro a rufe. Mai wanki ba zai ajiye duro a shagonsa har abada ba. In ba a karɓa ba, kwata zai zuba, ko sokawe, wato ramin da ƙasa ke shanye ruwan dauɗa, kuma sokawe ita ce ramin Baba da sabon suna. 'Yan kondem na Akwatia Line da Dagomba Line da ke fasa tsofaffin injina su ma a gaya musu, da Hausa da Dagbani, a masallaci da rediyo, cewa man da ke cikin tsohuwar taransifoma ba na zubarwa ba ne, ba kuma na shafawa ba.

Namu bohol ɗin, ni na toshe shi. Na sayi siminti da kuɗina, muka cire famfo, muka dama shi ruwa-ruwa muka tura ta bututu daga ƙasa zuwa sama har ya cika. Na kira Alhaji na gaya masa komai, ban ɓoye laifina ba. Ya yi shiru a waya, can ya ce Allah ya karɓi niyya. Wasu a unguwar har yau ba sa amsa gaisuwata sosai, a ganinsu na hana su ruwa saboda maganar yaron boko. Dafin kuwa yana nan inda na kai shi, simintina ya hana ƙari ne kawai.

Makon jiya wani saurayi ya same ni a gida. Ya sayi kangon, zai gina gidan haya, yana kuma son ya sa injin ɗura piya-wata a gaba. An ce masa ni na san ƙasar wurin. Na zaunar da shi, na ba shi labarin nan kaf, har kofin gilashin na kwatanta masa. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Baba, na gode, amma ni nawa zai fi naku zurfi." Shekaranjiya aka gaya mini ya yi ciniki da wasu masu inji, wai bayan sallar Juma'a za su shigo.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai haƙa rijiya,
Aboabo, Kumasi.